Kod Ɗaya, Ƙofofi Biyar: Kalmomin Wifi na Gida da Tsaronsa a Bakin Mutanen Ƙonni, Malbaza da Illela

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kalmomin da ake amfani da su wajen maganar wifi na gida da na unguwa a gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tawa. Hujjarta ita ce babban raunin tsaro a gidajenmu yana farawa daga baki tun kafin ya kai ga na'ura: kalma ɗaya, wato "kod", tana ɗauke da sirrika biyar masu daraja daban-daban, kuma wanda bai bambance su da suna ba zai yi wuya ya bambance su wajen riƙo. Maƙalar ta bayyana yadda wifi ke aiki, ta kawo tarihin hanyoyin kare shi daga 1997 zuwa 2018, sannan ta ba da shawarar kalmomin Hausa da aka ɗebo daga tsarin gidan Bahaushe, tare da nuna inda kwatancen gida ya tsaya.

1.0 Gabatarwa



Duk wanda ya zauna a majalisa a Ƙonni bayan la'asar ya san wannan roƙo: "Don Allah ba ni kod." Yaro yakan faɗa wa mai shago, baƙo yakan faɗa wa mai masauki, maƙwabci yakan aiko ɗansa da shi kamar yadda ake aiko neman garwashi. Roƙon ya zama ruwan dare har ba a tsayawa a tambayi mai roƙon wane kod yake nufi.

Abubuwa biyu da suka faru a watan Maris na 2025 sun sa tambayar ta zama ta gaggawa. Na farko, kamfanin Starlink ya fara aiki a hukumance a Nijar, abin da ya sa intanet mai sauri ta iya sauka kan rufin kowane gida da ke da halin sayen farantin tauraron ɗan Adam, ko a Tsarnawa yake ko a Badagishiri. Na biyu, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi dole ya iya gaya wa maigida yadda zai kulle na'urar da ya sayo da kuɗin albasarsa. Wannan shi ne aikin da maƙalar ta sa a gaba.

2.0 Yankin da harshensa

Birnin Ƙonni yana kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram, kuma tsakaninsa da Illelar Sakkwato ƴar tafiya ce. A Tsarnawa hanya take rabuwa ta nufi Tawa ta Badagishiri, a ƙasar ɗaya Illelar, wato ta Nijar. Malbaza tana da masana'antar siminti da tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 7 da aka buɗe a 2018, ga kuma Galmi da albasarta da ta yi suna har gaɓar teku. Yanki ne na fatauci, kuma fatauci a yau cikin salula yake: farashin buhu ta WhatsApp ake jin sa, kuɗi kuma ta Nita ko Amana ko Al Izza suke tafiya.

Zaman iyaka ya sa kalmomin fasaha suna shigo mana ta ƙofa biyu. Ta Yamai muna samun "rezo", "kod", "forfe" da "tike". Ta Sakkwato muna samun "sabis" a madadin "rezo", "data" a madadin "forfe", da "fasawod" a madadin "kod". Abin da Baƙonne ke kira "wifi", ɗan uwansa na Illelar Sakkwato "waifai" yake ce masa. Aron kalma ba aibi ba ne. Da shi Hausa ta samu "mota" da "karatu" ta yi gaba. Matsalar tana tasowa ne idan aka aro kalma ɗaya aka jibga mata ma'anonin da a harshen asali kowace da sunanta.

Akwai hanyoyi uku da wifi ke shiga gida a yankin. Akwai ƙaramar na'urar aljihu ko ta tebur da ake sa wa layin Airtel, Moov Africa, Zamani ko Niger Telecoms. Akwai farantin tauraron ɗan Adam. Sai kuma "wifi zon", inda mutum ɗaya ke ɗaura na'ura a kan dogon ƙarfe yana sayar wa unguwa tikiti na awa ko na yini. Tun da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023, mutane suka ƙara rungumar faifan hasken rana da batir, don haka na'urorin nan da yawa ba sa barci dare da rana. Ƙofar da ba a rufewa kuwa ita ta fi buƙatar mai gadi.

3.0 Kalmomin gini

Wifi rediyo ne. Wannan ita ce jimlar farko da ya kamata a koya wa kowa, domin Bahaushe ya san rediyo tun kafin ya san salula, ya san zango, ya san tasha, ya kuma san cewa duk mai akwati yana iya kama abin da aka watsa. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta fitar da ƙa'idar farko mai lamba 802.11 a 1997, sunan Wi-Fi kuma ya bayyana a 1999.

Na'urar da ke tsakiyar aikin ita ce "rauta", wadda wasu ke kira "modem" ko "bokis" ko ma "wifi" kawai. Aikinta karɓo intanet daga waje ta rarraba wa wayoyin gida, ta kuma tabbatar saƙon kowa ya koma hannun mai shi. Ina ganin a bar "rauta", domin ta riga ta zauna a baki, a riƙa fassara ta ga sabon shiga da "mai rabon hanya".

Sunan da ke fitowa a jerin wifi na waya shi ne SSID a takardun kamfani, kuma ba ya wuce haruffa 32. "Sunan rezo" ya wadatar. Abin lura shi ne duk mai wucewa yana ganin sa, don haka wanda ya sa sunansa da na shagonsa ya rataya allo ne a ƙofar gida.

Rauta tana watsawa a zango biyu da aka fi sani, 2.4 da 5. Zangon 2.4 ya fi nisa, ya fi kuma ratsa ginin ƙasa da na bulo, amma cunkoso ya yi masa yawa, tashoshi uku ne kacal a cikinsa ba sa hawa kan juna: 1, 6 da 11. Zangon 5 ya fi sauri amma katanga biyu kan gajiyar da shi, kwanon rufi kuwa mayar da shi yake yi baya. Shi ya sa rautar da aka ajiye a ɗakin maigida takan kai titi ta taga amma ta kasa kai ɗakin uwargida.

Kowace waya tana da lambobi biyu da ake rikitawa. Adireshin MAC lamba ce da ke tare da na'urar, kamar shaidar da ake yi wa dabba. A kira ta "shaidar na'ura". Adireshin IP kuwa rauta ce ke ba waya shi idan ta shigo, ta karɓe idan ta tafi, kamar lambar ɗaki a masauki. A kira shi "lambar masauki".

Sai kalmar "mega", wadda ita ma nauyi biyu take ɗauka. Megan forfe yawan ruwan da ke cikin tanki ne. Megan sauri kuwa faɗin magudanar da ruwan ke bi. Manomin fadamar Ƙonni ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan bambanci.

4.0 Kod ɗaya, ƙofofi biyar

Ga sirrika biyar da ake kira da suna ɗaya, da sunan da nake ba da shawarar a raɗa wa kowane.

Na ɗaya, mabuɗin rezo: wanda ake bugawa a waya don ta hau wifi. Wannan ana iya ba iyali da amintattu.

Na biyu, mabuɗin maigida: wanda ake shiga shafin sarrafa rauta da shi, galibi ta adireshi irin 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Mai wannan mabuɗi yana iya sauya mabuɗin rezo, ya kori wanda ya ga dama, ya ga jerin wayoyin da ke ciki, har ya karkatar da masu neman wani shafi zuwa shafin bogi. Rautoci da yawa suna fitowa daga kamfani da kalmar "admin" a matsayin suna da mabuɗi duka, ko kuma an rubuta su a takardar da ke manne a ƙasan na'urar. Magidanta da yawa ba su ma san wannan ƙofa tana nan ba, yaron da ya haɗa musu na'urar ne kaɗai ya sani.

Na uku, lambar tikiti: wadda mai wifi zon ke sayarwa. Ranta gajere ne, asararta ba ta da yawa.

Na huɗu, lambar asusu: wadda ke buɗe kuɗin mutum a manhajar aika kuɗi ko a layinsa.

Na biyar, lambar sau-ɗaya: wadda ke zuwa ta saƙon waya idan za a buɗe WhatsApp a sabuwar salula ko za a tabbatar da fitar kuɗi.

Uku daga cikin biyar ɗin nan, wato na biyu da na huɗu da na biyar, ba a ba kowa su. Sauran biyun kuwa kullum ana bayarwa, ana saye, ana roƙo. Harshen da ya kira su duka "kod" ya koya wa kunne cewa kod abu ne da ake miƙawa. Ɗan damfarar da ya kira dattijuwa ya ce "Hajiya, an turo miki wani kod bisa kuskure, karanto mini" yana cin moriyar wannan sabo ne. Da ta saba jin cewa lambar sau-ɗaya daban take da mabuɗin rezo, kuma ita ba a karanta wa ko ɗan cikinka, da kunnenta ya ba ta gargaɗi tun kafin hankalinta ya kai. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Akwai wani abu da ya shafi Nijar. Ƙa'idar tsaron wifi ta WPA ta ce mabuɗin rezo kada ya gaza haruffa 8, kada ya wuce 63. Lambar waya a Nijar kuwa lambobi 8 ce cif. Saboda haka da na'ura ta nemi haruffa takwas, abin da ke fara zuwa ran mutum lambarsa ce, lambar da take rubuce a allon shagonsa da bayan a-daidaitarsa. Ko ba a san ta ba, lambobi takwas ba su wuce haɗi miliyan 100 ba, kuma lambobin farko na kowane kamfani sanannu ne, abin da ke rage aikin ƙwarai. Kwamfutar zamani tana iya gwada wannan adadi cikin ɗan lokaci. Maganin ba wuya: a jera kalmomin Hausa huɗu da ba su da dangantaka, a sa lamba a tsakani. Kada a ɗauki karin magana, domin wanda ya ji rabinsa zai ƙarasa. A kuma guji haruffa masu lanƙwasa, saboda wasu na'urori ba sa karɓar su.

5.0 Zaurance

Tun da wifi rediyo ne, katanga ba ta hana a ji shi. Abin da ke hana maƙwabci fahimtar abin da ke wucewa shi ne juya saƙon da ake yi ta yadda sai mai mabuɗi zai warware. Hausa tana da kalmar wannan aiki tun kafin a ƙera kwamfuta: zaurance. Ƴan mata kan yi shi a gaban iyaye, ana jin sautin amma ma'anar ta ɓace.

Kuma kamar zaurancen yara, na na'ura ma yana tsufa idan aka gano dabararsa. Zaurancen farko, WEP, ya zo tare da ƙa'idar 1997. A 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna rauninsa, daga baya ya zama abin da ake fasawa cikin mintuna. Aka kawo WPA a 2003 a matsayin toshiyar wucin gadi, sannan WPA2 a 2004. A 2017 Mathy Vanhoef na Beljiyam ya bayyana wata ɓaraka a WPA2 da aka sa wa suna KRACK, kamfanoni suka fitar da gyara. A 2018 aka kawo WPA3.

Wannan tarihi yana da amfani a kasuwar Ƙonni, domin kayan hannu da tsofaffin rautoci suna shigowa ta iyaka. Abin da za a gaya wa mai saye gajere ne: WEP tsohon kwado ne da kowace ƙusa ke buɗewa, WPA2 shi ne mafi ƙaranci da za a yarda da shi, in na'ura tana da WPA3, a zaɓe shi. Wani bambanci mai muhimmanci shi ne a WPA2, wanda ya san mabuɗin rezo kuma yake da kayan aiki yana iya warware zaurancen sauran waɗanda ke kan rezon. WPA3 ya toshe wannan.

A wifi zon da yawa kuwa, rezon a buɗe yake, sai an hau sannan shafin tikiti ya fito. Lambar tikiti tana kare kuɗin mai sana'a, amma ba ta zaurance iskar. Abin da ke kare mai saye a nan shi ne zaurancen da manhajar kanta ke yi, kamar wanda WhatsApp ya kammala sa wa saƙonninsa a 2016, da na shafukan intanet, wanda wasu manhajoji ke nunawa da alamar kwado a saman shafi. Ya kamata mai sayen tikiti ya san cewa zaman kasuwa yake yi, ba zaman ɗaki ba.

6.0 Tsagar bango

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga tsagogin da suka fi yawa, da sunayensu.

WPS wani tsari ne, na maɓalli ko na lamba, da aka ƙirƙiro don sauƙaƙa haɗa waya ba tare da buga mabuɗi ba. A ƙarshen 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa lambarsa mai gida takwas ana iya cinko ta da gwaji 11,000 kacal, saboda na'urar tana tantance rabi-rabi. Sunan da ya dace da shi "ƙofar baya", kuma hukuncinta a toshe.

Ramin "riset" da ke bayan rauta yana mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Idan rezo ya ɗauke, yaro kan sa tsinke ya danna, intanet ta dawo, kowa ya yi murna, ba a lura mabuɗin maigida ya koma "admin" ba. A kira shi "mayar da ita jaririya", a kuma koyar cewa bayan kowane riset sai an sake kwaduna biyu.

Manhajar da ke cikin rauta tana buƙatar sabuntawa, kamar yaɓen katanga kafin damina. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗaruruwan dubban rautoci da kyamarori a duniya ta hanyar gwada mabuɗan kamfani da ba a sauya ba, masu na'urorin ba su ma sani ba.

Rezon sojan gona shi ne wanda ɗan damfara ke buɗewa da suna iri ɗaya da na wifi zon ko na tasha, don mutane su hau ya nuna musu shafin bogi. Hausa ba ta buƙatar aron suna a nan.

Sai dabaru biyu da ake ɗauka tsaro ne alhali labule ne kawai. Ɓoye sunan rezo ba ya hana mai kayan aiki ganin sa. Tace wayoyi da shaidar na'ura ma haka, domin ana iya kwaikwayon shaidar, kuma tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi da kansu suke sa shaidar aro. Labule yana da amfaninsa, amma ba a kwana da shi a madadin ƙyaure.

7.0 Zauren baƙi

A nan fasaha take karo da tarbiyya. Littattafan kamfani suna cewa kada a ba kowa mabuɗi. A Ƙonni kuwa wanda ya hana maƙwabci kod ya sayi sunan rowa, kuma shawarar da ta saɓa wa zumunci ba za a bi ta ba. Ga shi kuma mabuɗin da aka ba mutum ɗaya ba ya tsayawa a hannunsa: wayoyin yanzu suna nuna shi a hoton QR, akwai kuma manhajoji irin WiFi Map da ke tara mabuɗan wurare suna nuna wa kowa.

Maginan Hausa sun warware irin wannan tun da daɗewa. Baƙo yana da haƙƙin inuwa da ruwa da tabarma, amma a zaure. Cikin gida na masu gida ne. Rautoci da yawa suna da rezo na biyu da aka tanada don baƙi, mai nasa suna da nasa mabuɗi, wanda ke ba da intanet amma ba ya barin a kai ga sauran na'urorin gida ko shafin maigida, a wasu ma ana iya rage masa sauri. A kira shi "zauren baƙi". Maigida ya ba da mabuɗin zaure hannu sake, ya riƙa sauya shi lokaci-lokaci, ya riƙe na cikin gida. Ya fita kunyar maƙwabci, bai kuma tona asirin iyalinsa ba.

Akwai dalilin doka ma. Daga waje, duk abin da aka aikata ta rautar gida da sunan mai layin yake fita. Dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 kan laifukan intanet ta hukunta shiga na'urar wani ba da izini ba, ta kuma tanadi hukunci kan abin da ake yaɗawa. Wanda ya bar ƙofarsa a buɗe yana iya tsintar kansa yana amsa tambaya kan abin da wani ya rubuta daga gindin katangarsa.

Sai dai kwatancen gida yana da iyaka, kuma wajibi ne mai koyarwa ya faɗe ta. Ɓarawon gida yana barin sawu, yana kuma ɗauke abu a ga gurbinsa. Na wifi ba ya tsallake katanga, abin da ya kwafa kuma yana nan inda yake. Saboda haka "ban ga abin da ya ɓace ba" ba shaidar lafiya ba ce. Shi ya sa ma ban goyi bayan fassara abin da Turawa ke kira bangon wuta kalma da kalma ba. Aikinsa duba mai shiga da mai fita ne, don haka "mai gadin ƙofa" ya fi gaya wa Bahaushe gaskiyar abin.

8.0 Kammalawa

Aikin keɓaɓɓun kalmomi ba sabo ba ne a Hausa. Taron Yamai na 1980 ya yi ƙoƙarin daidaita rubutun Nijar da na Najeriya, kuma Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin harshe da adabi da ya fito a 1990. Abin da ya rage shi ne a kai irin wannan aiki fagen da kuɗin talaka da sirrinsa suke kwana a yau.

Shawarwarina uku ne. Na farko, masana harshe na Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da takwarorinsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato su zauna da masu gyaran waya da masu wifi zon, domin kalmar da ba ta bi ta bakin mai gyara ba ba za ta kai gida ba. Na biyu, hukumar kula da sadarwa ta ARCEP da kamfanonin waya su sa a haɗa kowace rauta da takarda ɗaya ta Hausa, a boko da ajami, mai bambance mabuɗin rezo da mabuɗin maigida. Na uku, gidajen rediyon al'umma na yankin su riƙa kiran sirrikan nan biyar kowane da sunansa har kunne ya saba.

Ma'aunin nasara mai sauƙi ne. Ranar da yaro zai ce wa Hajiya "ba ni kod", ita kuma ta ɗago kai ta ce "wanne daga ciki?", ranar aikin ya fara kama ƙasa.